Daga Gizago Zuwa Injin Zarto: Yadda Itace Ke Zama Katako

Duk ɗalibin da ke karanta wannan mujalla a cikin aji, da wuya a ce ba bisa katako yake zaune ba. Bencin da ya hau, da teburin da ya ɗora littafinsa, da ƙyauren ajin, da katakon da ya riƙe kwanon rufi, duk a dā bishiyoyi ne a tsaye cikin wani daji. Amma da za a tambayi 'yan aji ko akwai wanda ya taɓa ganin yadda ake mayar da gungumen itace ya zama falanki mai faɗi ɗaya da kauri ɗaya, ba lalle ne a sami mutum biyu su ɗaga hannu ba. Dalili kuwa shi ne yawancin katakon da ake sayarwa a Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi a tsage yake zuwa daga Kudu. Mu dai mota muke gani ta sauke.

A wasu ƙasashe, idan gidan tsaga katako ya tsufa ya daina ciniki, akan gyara shi a mayar da shi gidan tarihi, a riƙa tayar da injin don yara 'yan makaranta su gani da idonsu, domin gani ya kori ji. A wannan maƙala za mu leƙa ɗaya daga cikin irin waɗannan gidaje. Sai dai kafin mu yi nisa, ya kamata mu fara da abin da ke gida, don kuwa kakanninmu sun daɗe suna sarrafa itace tun zarto bai zo ba.

Gatari da gizago

A ƙasar Hausa aikin itace sana'ar masassaƙa ce, kuma manyan kayan aikinsu biyu ne, wato gatari na sara da gizago na sassaƙa. Masassaƙi ba ya tsaga itace falle-falle. Abin da yake yi shi ne ya dubi gungume, ya riƙa cire duk abin da ba ya so har sai abin da yake so ya rage. Da haka ake samun turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata da ƙotar fartanya da allon karatu. Kowane kaya kuma da iccen da ya dace da shi. Ƙirya, saboda taurinta da nauyinta, ita ce ta turmi da taɓarya, kuma gawayinta maƙera suka fi so. Aduwa akan yi allo da ita domin tana yin santsi idan an goge. Maɗaci da kawo su ne na manyan ayyuka irin su jirgin ruwa. Duk wanda ya zauna gaban masassaƙi a Kurya Madaro ko a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis zai lura cewa tarin sassaƙen da ke ƙasa yakan kusa kai yawan abin da aka fitar, wani lokaci ma ya fi shi. Wannan ita ce illar gizago: idan falanki ake so, gungume guda ba zai ba da fiye da ɗaya ko biyu ba.

Rufin soro kuwa da azara ake yin sa, kuma a nan akwai kimiyya mai ban sha'awa. Idan aka yanke maɗaci aka dubi bakin yankan, za a ga ɓawo a waje, sai wani farin sashe mai taushi wanda ta cikinsa ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye, sannan jan sashe a tsakiya, wato zuciyar itacen. Zuciyar ta daina ɗaukar ruwa, bishiyar ta cika ta da wasu sinadarai masu hana gara da ruɓewa, shi ya sa ta fi daraja a wurin kafinta. Giginya akasin haka take. Tsakiyarta totuwa ce mai taushi, ƙarfinta duk yana gefe, inda baƙaƙen jijiyoyi suka cunkushe suna tafiya a miƙe daga gindi zuwa sama. Don haka ba a sa wa giginya zarto. Faskara ta ake yi a bi jijiyar, a kankare totuwar a zubar, abin da ya rage shi ne azara. Gara ba ta cika cin ta ba, kuma magina sun fi son ta namijin giginya.

Azara tana da iyaka. Idan tazarar da ke tsakanin bango da bango ta kai kamar mita 2, nauyin ƙasar rufi yakan lanƙwasa ta. Wannan iyaka ce ta sa maginan Hausa suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake jera gajerun azara kan juna a cikin laka, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗu a sama. Mai son ganin ƙwarewar wannan aiki sai ya je tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, ko Gidan Makama a Kano, inda ban da rufin ɗakunan akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni a ajiye.

Me zarto ke yi?

Mutane da yawa suna ɗauka zarto wuƙa ce mai haƙora. A gaskiya kowane haƙori ɗan ƙaramin gizago ne mai zaman kansa. Idan aka tura zarto, haƙori na farko ya ɗebe ɗan ɓarɓashi, na biyu ya ƙara, haka har na ƙarshe, ramin da ke tsakanin haƙora kuma ya kwaso dusar ya fitar da ita waje. Ke nan zarto hanya yake haƙawa a cikin itacen, kuma duk faɗin hanyar nan dusa ce, ta tafi ke nan.

Mai karatu ya ari zarto wurin kafinta, ya ɗaga shi daidai idonsa ya dubi jerin haƙoran ta tsawo. Zai ga ba a layi ɗaya suke ba: wannan ya ɗan karkata dama, na bayansa hagu, haka har ƙarshe. Da gangan aka yi. Karkatar ce ke sa hanyar da ake haƙawa ta fi jikin zarton faɗi kaɗan. In ba don haka ba, da zarar ya nutse itacen zai matse shi, gogayya ta yi yawa, ƙarfen ya yi zafi ya cije. Shi ya sa kafintan kirki, bayan ya wasa haƙora da magagari, yakan bi su ɗaya-ɗaya ya gyara karkatarsu.

Kafin zuwan inji, tsaga dogon gungume aikin mutum biyu ne. A haƙa rami, a gicciya gungumen a bakinsa, mutum ɗaya ya tsaya a sama, ɗaya ya shiga ramin, su riƙa jan wani dogon zarto sama da ƙasa suna bin layin da aka shata. Na sama shi ne gwani, don shi ke kula da layi. Na ƙasa kuwa shi ke shan dusa a ido. An yi wannan aiki a Turai ɗaruruwan shekaru, an kuma yi shi a dazukan kudancin Nijeriya.

Gidan da iska ke tsaga katako

A ƙasar Holan, arewa da birnin Amsterdam, akwai wani wuri a bakin kogin Zaan mai suna Zaanse Schans, inda aka tara tsofaffin injinan iska ana kula da su. Ɗaya daga cikinsu na tsaga katako ne, ana kiran sa Het Jonge Schaap, wato ɗan tunkiya a harshensu. An gina na asali a 1680, aka rushe shi a 1942. Sai dai kafin a rushe, wani malami mai suna Anton Sipman ya auna shi ya zana kowane sashe nasa a takarda. Da wannan zane aka sake gina shi, aka buɗe a 2007, kuma idan iska na kaɗawa baƙo zai tarar ana tsaga katako na gaske.

Abin da baƙo zai fara gani daga nesa shi ne manyan fukafukai huɗu suna juyawa, kamar fanka. Kan ginin ana iya juya shi don fukafukan su fuskanci duk inda iska ta fito. A gefen ginin kuma ga gumagumai jiƙe a ruwa. Sukan daɗe a nan, domin ruwa yana wanke zaƙin da ke jikin itace, wanda shi ke jawo ƙwari, kuma katakon da aka jiƙa bai cika murɗewa ba idan ya bushe. In lokacin tsagawa ya yi, ba mutane ke ɗaga gungumen ba. Igiya ake ɗaura masa, ƙarfin iskar ya jawo shi ya hau cikin gidan.

A ciki ne ake ganin dabarar. Fukafukai zagaye suke yi, zarto kuwa sama da ƙasa yake bukata. To yaya za a mayar da zagaye ya zama kai-da-komo? Amsar ita ce wata sandar ƙarfe mai lanƙwasa kamar gwiwa, irin wadda makanikai ke kira karanshaf a injin mota. Idan sandar ta juya, gwiwar takan yi sama ta yi ƙasa, sai ta ja duk abin da aka rataya mata. Wanda ya taɓa duba ƙarƙashin keken ɗinki ya ga irin wannan gwiwa, illa dai a can aikin a juye yake: ƙafar tela ke yin sama da ƙasa, gwiwar ta mayar da shi zagaye. A gidan tsaga katako abin da aka rataya wa gwiwar wani babban firam ne da aka jera wa zartuna da yawa a tsaye. Tazarar da aka bari tsakanin zarto da zarto ita ce kaurin falankin da zai fito. Zartunan suna ci ne idan suna saukowa, a kowane bugu kuma wata ƙugiya takan tura keken da gungumen ke kai ya matso gaba ɗan kaɗan. Ta haka gungume ke shiga ta wannan gefe ya fita ta wancan a matsayin falankai, a tafiya ɗaya.

Wani mutumin ƙauyen Uitgeest mai suna Cornelis Corneliszoon ne ya fara haɗa gwiwar da injin iska don tsaga katako a 1594. Ita gwiwar ta girme shi nesa ba kusa ba, domin a tsohon birnin Hiyerapolis da ke ƙasar Turkiyya ta yau an sami zane a jikin wani kabari na ƙarni na 3 mai nuna zarton yanka dutse da ruwa ke tuƙawa ta wannan hanya. Amma a Holan ne dabarar ta sauya arzikin ƙasa. Ana ƙiyasta cewa injin ya ninka saurin masu zarton rami kamar sau 30. A farkon ƙarni na 18 yankin Zaan kaɗai yana da irin waɗannan gidaje fiye da 200, kuma arhar falanki ta sa mutanen Holan suka riƙa ƙera jiragen ruwa da sauri fiye da maƙwabtansu. Har Sarkin Rasha Bitrus Babba sai da ya ɓad da kama ya je garin Zaandam a 1697 don ya koyi ƙirar jirgi.

Daga baya tururi ya maye gurbin iska, aka kuma sami zarto mai kama da faifai da zarto mai kama da bel wanda ke zagaya ƙafafu biyu ba tsayawa. A Kanada an adana wani gidan tsaga katako mai aiki da tururi, McLean Mill, wanda ya yi aiki daga 1926 zuwa 1965, gwamnati kuma ta sa shi cikin wuraren tarihin ƙasa a 1989.

Namu na gida

Nijeriya ma ta yi babban gidan tsaga katako. A garin Sapele, cikin Jihar Delta ta yanzu, kamfanin African Timber and Plywood, wani reshe na UAC, ya kafa masana'antar da a zamaninta tana cikin mafiya girma a Afirka. Ta ruwa ake koro gumagumai daga daji a ɗaure da juna har bakin masana'antar. Sunan garin ya yi tashe har Turawa suka laƙaba wa wani jan katako suna sapele, sunan da ake kiran sa da shi a kasuwannin duniya har yau. Masana'antar ta durƙushe daga baya.

Mu a nan Arewa, jirgin ƙasa ne ya buɗe wa katakon Kudu hanya. Dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ta Gusau kuma ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. An shimfiɗa shi ne don kwasar gyaɗa da auduga da fatu, amma taragon da ya tafi da kaya ba ya dawowa wayam. Sannu a hankali falanki da kwano da ƙusa suka samu shiga, sana'ar kafinta ta zauna kusa da ta masassaƙi, rufin kwano ya fara ture na azara. Ko kalmomin sun nuna asalinsu: kafinta da benci da tebur da falanki duk baƙi ne a Hausa, gizago da turmi kuwa 'yan gida ne.

Lissafin asara

Ga wani lissafi da malamin lissafi zai iya bai wa 'yan aji. Gungume da'ira ne, katako kuwa mai kusurwa huɗu ake so. Idan aka zana murabba'i mafi girma da zai shiga cikin da'ira, faɗin filinsa kashi 64 ne cikin 100 na da'irar. Ke nan tun ba a fara fitar da falanki ba, kashi 36 ya tafi a gefe-gefe, sai dai a tsinci 'yan ƙananan katakai daga ciki.

Sai kuma hanyar zarto. Zarto mai kama da bel yakan ci kamar milimita 3 a kowane yanka. Injin hannu mai sarƙa, wanda Andreas Stihl na Jamus ya fitar da irinsa mai lantarki a 1926, mai fetur kuma a 1929, yakan ci kamar milimita 9. A ce ana fitar da falanki mai kaurin inci 1, wato milimita 25. Da zarton bel, 3 cikin kowane 28 ke zama dusa, kusan kashi 11 cikin 100. Da injin sarƙa kuwa 9 ne cikin 34, wato kashi 26. Injin sarƙa an yi shi ne don kayar da bishiya da gutsuttsura ta, amma a ƙasar nan da shi ake tsaga katako mai yawa a cikin daji, saboda mutum ɗaya zai iya saɓa shi a kafaɗa. A kowane falanki uku da aka fitar da shi, an zubar da kwatankwacin na huɗu a ƙasa.

Me ya sa ƙyaure ke cijewa da damina?

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafinta kuwa ɗanyen icce ne abokin gabarsa. Sabon yankakken itace cike yake da ruwa iri biyu: wanda ke kwance cikin ƙananan bututun jikinsa, da wanda ya jiƙa bangon bututun kansu. Na farko yakan fita ba tare da katakon ya sauya siffa ba. Amma idan danshi ya sauko ƙasa da kamar kashi 30 cikin 100, sai na cikin bangon ya fara fita, katakon ya fara tsukewa. Kuma ba daidai yake tsukewa ta ko'ina ba. Ta tsawo kusan ba ya raguwa. Ta faɗi kuwa, raguwar da yake yi idan aka bi zagayen bishiyar ta kusa ninka wadda yake yi daga tsakiya zuwa ɓawo. Wannan bambanci ne ke sa falanki ya kumbure kamar kwano ko bakinsa ya tsage.

Katako ba ya daina mu'amala da iska ko da an yi masa fenti. A iska mai laima sosai, irin ta Sapele ko ta watan Agusta a nan, danshinsa yakan tsaya wajen kashi 16. A tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe ke fashewa, yakan sauka zuwa kashi 5 ko ƙasa da haka. Saboda haka katakon da ya bushe a Kudu, a Zurmi bai bushe ba tukuna. Kafintan da ya karɓe shi daga mota ya buga tebur a ranar, kafin bazara za a ga haske ta tsakanin falankan. Ƙyauren da aka auna daidai da rani kuma, da damina sai an sa masa kafaɗa. Maganin abin shi ne a jera falankai a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, a ba su lokaci.

Ana iya gwada wannan a ɗakin kimiyya. A yanko guntun ɗanyen dogon yaro, a auna nauyinsa, a shanya, a riƙa aunawa duk bayan kwana biyu har nauyin ya daina sauka. Idan ya fara da giram 150 ya tsaya a giram 100, a cire 100 daga 150, a raba da 100, a ninka da 100: danshinsa na farko kashi 50 ke nan. Amsar ta ɗan gaza gaskiya, domin rana ba ta iya fitar da ruwan duka, sai an gasa guntun a tanda mai zafin da ya ɗan haura digiri 100.

Abin da ya rage a daji

Maɗaci ko kawo da zai ba da falanki mai faɗi ya shekara gommai yana girma, injin sarƙa kuwa cikin 'yan mintoci zai kwantar da shi. Labarin madobiya ya isa misali. Daga wajen 2013 'yan kasuwar Sin suka buɗe mata kasuwa don ƙera kujeru masu tsada, aka yi ta sarar ta a Taraba da Adamawa da Kogi ana lodi zuwa tashar jiragen ruwa. Ita ce kuwa bishiyar da makiyaya ke sassabo wa shanu ganyenta idan ciyawa ta ƙare. A 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta taƙaita cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. A taron 2022 aka ƙara maɗaci da kawo a jerin.

Giginya ma tana ja da baya, ta wata hanyar daban. Ana sare manya don azara, ana kuma tone 'ya'yan da suka tsiro a ci muruci, saboda haka babu masu maye gurbi. A yankin Gaya ta Jamhuriyar Nijar, inda take da yawa, sai da aka sa wa sararta doka, aka kuma danƙa kula da ita a hannun mutanen ƙauyukan. Gandun dajin Zamfara da ke gabashin Zurmi, wanda ya haɗe da dajin Rugu na Katsina, Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi, amma rashin tsaron shekarun nan ya sa ba wurin da malami zai kai ɗalibai ba ne.

Abin da makaranta za ta iya yi ba ya bukatar shiga daji. Kusan kowane tsohon gida a Kurya Madaro ba ya rasa gizagon da aka daina amfani da shi, ko akushi, ko turmin da gindinsa ya huje, ko azarar da aka cire daga soron da ya faɗi. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta za ta iya roƙon waɗannan, ta ware musu kusurwa a ɗakin karatu. A nemi kafinta ya yanko 'yan guntaye masu girma ɗaya na maɗaci da ƙirya da kawo da marke da aduwa da dogon yaro, a goge fuska ɗaya, a rubuta wa kowane sunansa da nauyinsa, domin a gane dalilin da ya sa ƙirya ta fi rimi nauyi alhali girmansu ɗaya. Sannan a je wurin masassaƙi mafi tsufa a gari da littafi da biro, kamar yadda Sipman ya je wa injin nan da ma'auni. A tambaye shi sunan kowane ƙarfe nasa, da iccen da ake yin kowane kaya da shi, da watan da ya fi kyau a sare shi, da inda yake samo ƙirya yana yaro da inda yake samo ta yanzu, da tafiyar awa nawa ce tsakanin wuraren biyu.